Fuskar da Aka Juya Yamma

Akwai wata ƙara da ba na iya ji ban tuna da kakata ba, ita ce ƙarar takalman maza idan sun dawo daga maƙabarta suna bubbuga su a bakin zaure don laka ta zube. Makon jiya aka yi rasuwa a maƙwabtanmu, ga damina ta yi tsakiya, sai na jiyo wannan bugu ta kan katanga. Nan take na koma 'yar shekara bakwai a gidanmu na Ƙofar Guga, ina tsugune gefen murhu, ina kallon tsohuwa ta yunƙura ta miƙe da sauri kamar ba ita ce ta wuni tana kukan gwiwa ba.

Bari in fara gaya maka yadda gidan yake, don ba za ka gane kakata ba sai ka san mijinta. Kakana magini ne, shi ya gina gidan da hannunsa, tubali bisa tubali. Idan ruwa ya sauka, ƙanshin jiƙaƙƙen gini yakan cika tsakar gida, indararo na zuba, mu yara muna turereniya a ƙarƙashinsa har sai an biyo mu da muciya. Ni ban riske shi da wayo ba, amma labarinsa ya riske ni. An ce ƙananan masallatan unguwanni da yawa shi ya ɗora su, kuma ba ya yarda kowa ya fitar masa da alƙibla. Tun kafin rana ta fito yake zuwa fili ya kafa sanda, ya jira inuwa, ya ja layi da yatsan ƙafarsa. Ya san inda rana ke ɓullowa da rani, ya san inda take karkata da damina. An kuma ce mutum ne mai zafin rai, wanda idan ya faɗi magana ba a ƙara masa wata a kai.

Kakata kuwa ba ta da hayaniya. Doguwa ce siririya, mai ƙanshin man shanu da hayaƙin kara, kullum da faifai a hannu tana tsince wani abu. Muna wasa da ita yadda jikoki ke yi, mu sace mata goro, ta bi mu da zagi mai daɗi. Abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi. Duk ranar da aka yi mutuwa a unguwa, ko ta dattijo, ko ta jaririn kwana biyu, ko ta baƙon da ba wanda ya san garinsu, ba ta sake zama da kyau sai maza sun dawo daga kai shi. Da ta ji bugun takalma, sai ta tafi ta tsaya a bayan ƙofar zaure ta ciki, inda mata ke tsayawa, ta jira mahaifina.

"An juya shi?"

"An juya shi, Inna. Kai kudu, huska gabas."

"Kai ka gani da idonka, ko hwaɗa maka aka yi?"

"Ni na gani."

Sai ta sauke numfashi, ta koma kan faifanta. Ba ta tambayar ko an yi jama'a, ba ta tambayar wa ya yi sallar. Saboda wannan tambaya ne mahaifina ya zama mai shiga kabari a unguwarmu. Da ya ga ba zai iya yi wa uwarsa ƙarya ba, kuma ba zai iya hango komai daga bayan mutane ba, sai ya riƙa tuɓe rigarsa yana sauka da kansa yana karɓar gawa. Har ya tsufa mutane suna yabonsa da son lada, ba su san tsoron tambayar uwarsa ne ya fara sa shi ba.

Matan gida sun ɗauki abin a matsayin halin tsufa, mu kuma yara muka mai da shi wasa. Wata rana ɗan tsako ya mutu, muka naɗe shi a tsumma muka binne bayan rumbu, ni kuma na maƙe murya irin tata na yi tambayar. Muna cikin dariya na juya na gan ta tsaye da tulu a hannu. Na runtse ido ina jiran duka. Ba ta doke ni ba. Ta ajiye tulun a hankali, ta shiga ɗakinta, ranar nan tuwonta a rufe ya kwana. Ban taɓa jin tsoron babba irin na wannan rana ba, kuma ban sake kwaikwayon ta ba.

Mun dai san cewa mahaifina yana da wa, ɗan farin kakata, wanda ya tafi yaƙin ƙasar Bama a zamanin Turawa bai dawo ba. Iyakar abin da muka sani ke nan. Ba mu yi mamakin shirun kakata a kansa ba, don ka san uwa a zamanin da ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon tsabar idonsa, ko abinci za ta ba shi sai ta aika wani ya miƙa. Kunya ce, haka aka san mutunci. Idan dole ta kama, "yaron nan" take cewa, ta wuce. Ta rasu ina budurwa, ban taɓa jin ta ƙara kalma ɗaya a kan waɗannan biyun ba.

Sai da na yi ritaya daga koyarwa a firamare, zama ya ishe ni, na sayi babban littafin rubutu na ce zan rubuta asalin gidanmu don jikoki. Ni mutum ce mai naci, 'yan'uwana sun sha cewa da namiji ce ni da alƙali na zama. Na bi tsofaffin dangi gida gida, na sha fura har ta gundure ni, na rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Da na zauna ina ja wa sunayen layi, sai na ga wani abu da ya tsaya mini a rai. A gidanmu duk wanda ya rasu sai an mayar da sunansa ga jariri, har wata baba da kowa ya yarda masifaffiya ce tana da takwara uku. Wan mahaifina kaɗai ne ba a yi wa takwara ba. Saurayi ne da ya mutu a uwa duniya, wanda ya kamata a ce an yi rige-rigen mayar da sunansa, amma reshensa a littafina ya tsaya shi kaɗai. Na ce a raina lallai akwai abin da aka rufe.

A cikin akwatin marigayi mahaifina na sami wani ƙullin tsumma. Cikinsa wata 'yar lamba ce zagayayya kamar kwabo, ba ƙarfe ba, ba fata ba, da huji da guntun igiya, an buga mata haruffa da lambobi. Ɗiyata da ke jami'a ta ce irin wadda sojoji ke ratayawa a wuya ce, don a gane su idan sun faɗi. Ita ta zauna da ni da kwamfutarta, muka yi ta lalube, yau mu samu hanya gobe ta toshe. Masu suna irin nasa da aka rubuta da sunan garinmu suna da yawa, lambar nan ce ta raba gardama. Wata safiya ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ta juyo mini da fuskar kwamfutar.

Wani wuri ne mai ciyawa kore shar, an aske ta lif, da ginshiƙan dutse a jere, an sassaƙa musu sunaye daga sama har ƙasa. Sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin ne ba a san inda kabarinsu yake ba yanzu. A cikinsu ga nasa. Na daɗe ina kallo. Sunan da aka shekara da shekaru ba a furta shi a gidan da aka raɗa shi ba, ga shi a kan dutse a wata ƙasa, wani bawan Allah da bai san mu ba yana share gindinsa. Ɗiyata ta buɗe taswira ta nuna mini hanyar da irinsu suka bi, jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa ya zagaye da su ta ƙasan duniya ya haura. Na bi layin da yatsa har yatsan ya gaji. Yaron da aka ce ko Kano bai taɓa zuwa ba, ɗan magini mai kwaɓa ƙasa da ƙafa, shi ne ya ƙetare wannan ruwa duka. Girman abin ya cika mini ciki, na rasa wanda zan gaya wa sai mutum ɗaya.

Goggona, ƙanwar mamacin kuma yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka gan shi da ido. Ta kusa casa'in, idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Na same ta da hantsi a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, moɗar ruwa a gefe. Muka gaisa, ta tambayi mai gida da yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini tsiyar cewa na zama 'yar jarida da tsufana. Sannan na matsa kusa na ce mata na samo Yayanta, na kara mata hoton dutsen a wayata kusa da ido, na karanta mata abin da aka rubuta.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi hamdala. Sai carbin ya tsaya a hannunta.

"Kika ce ba a san inda kabarin yake ba?"

"Haka suka rubuta, Goggo. Daji ne, ya cinye wurin."

"To, gara haka. Allah ya rufa asiri."

Na ce, "Goggo, wane asiri?"

Ta ce in rufe littafina. Na rufe. Ta ce in ajiye biron ma, na ajiye. Sai ta ba ni labarin da ta riƙe tun tana 'yar shekara tara.

Bayan an gama yaƙi, sojoji suna ta dawowa, kullum tana leƙen hanya, don Yayan nata shi ne mai goya ta a wuya ya kai ta kallon gini. Wata rana aka ce ga soja a zaure yana sallama. Ta sheƙa da gudu, sai ta tarar ba shi ba ne, wani ramammen saurayi ne ɗan wajen Ƙofar Sauri, ya durƙusa gaban mahaifinsu. Abokin Yaya ne, tare aka ɗauke su, tare suka kwana a rami ɗaya. Ya miƙa lambar nan da hannu biyu, ya yi ta'aziyya, ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke shi a daji bayan rauni, kuma da kalmar shahada ya cika. Kakana ya daure, ya tambaye shi ko an yi masa sutura.

"Sai ya ce, 'Baba, ka kwantar da hankalinka, ni na sa shi da hannuna. Kai arewa, huska yamma, daidai mahwaɗar rana.' Yana hwaɗi yana jin daɗi, ɗiyata, kamar wanda ya kawo albishir."

Ta ce fuskar mahaifinsu ta sauya har ta ji tsoronsa. Ya sa saurayin ya maimaita, ya maimaita.

"Baba ya ce, 'Ka kwantar mani da ɗa ya ba alƙibla baya, ka zo har gidana kana hwaɗa mani?' Yaron ya ce, 'Baba, ai can ƙasar...' Bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce, 'Can ƙasar wata rana ce daban gare su? Ni za ka koya wa gabas? Tashi ka hita.' Ya tashi ya hita yana waiwaye."

A lokacin ana yawan cewa sojojin da suka dawo kansu ya taɓu, wasu kuma sun yar da addini a can. Kakana ya yanke cewa irinsu ne suka binne masa ɗa. Ya tara matarsa da 'yarsa ya ce maganar nan kada ta fita zaure, kada a ce ɗan maginin masallatai yana kwance ya juya wa alƙibla baya har tashin ƙiyama. Ga malamai cike da gari, kowane lungu da nasa, amma ba wanda aka tambaya, don tambayar ita ce tonon asirin. Aka yi sadaka a takaice, aka rufe sunan. Kakata tana bayan bango ta ji komai. Goggo ta ce ko hawaye ɗaya ba ta yi a gaban mutane ba, tunda ɗan fari ne, ta koma ta ƙarasa tankaɗen da take yi. Daga ranar ne ta fara tsayawa a bayan ƙofar zaure.

"Ni ma na kusa tahiya," in ji Goggo. "Abin da nake tunani kullum shi ne, in an tashe mu kowa ya miƙe, Yayana ina zai dosa."

Ni da na yi shekaru ina zana wa yara taswira a allo, sai da na ɗauki lokaci kafin maganar ta zauna mini. Da ta zauna mini, sai na matsa kusa da Goggo. Na tambaye ta a ina take jin ƙasar Bama take. Ta ce ai ta Ikko suka tafi, can dai wajen ƙasar Turawa, bayan teku. Na ɗauki moɗarta na ajiye a tsakiyar tabarma, na karɓi carbinta na zagaye moɗar da shi.

"Goggo, da kika je Makka kika tsaya sallah gaban Ɗakin Allah, waɗanda ke ɗaya gefen, ina suke kallo?"

"Ɗakin mana."

"Su da ku fa?"

Ta ɗan yi tunani. "Muna kallon juna. Akwai ma wata farar mata da nake hange kullum, sai mu yi wa juna murmushi in an sallame."

Na kama yatsanta na ɗora a kan ƙwayar carbi ta gefe ɗaya na ce nan ne Katsina. Na ɗora shi a kan moɗa na ce nan ne Makka. Sannan na ja shi na tsallake moɗar zuwa ƙwayar da ke ɗaya gefen, na ce nan ne Bama. Na ce mata Yayanta ya yi tafiya har ya wuce Makka ya bar ta a bayansa, duk Musulmin da ke can mafaɗar rana yake fuskanta idan zai yi sallah, kuma haka suke kwantar da matattunsu.

Ta bar yatsanta a wurin. Ta mayar da shi kan moɗa, ta sake tsallakewa da kanta, sau biyu, sau uku. Tsohuwar da ta je ta gani da idonta, ta dawo ta shekara talatin ana kiran ta Hajiya, ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba, domin abin da uba ya rufe da rantsuwa ba a buɗe shi ko a cikin zuciya. Na ga leɓenta na motsi. Da ta yi magana, ba Yayanta ta fara ambata ba.

"Mun zalunci bawan Allah. Sau nawa ina ganin shi a kasuwa yana gyaran keke, in kau da kai."

Ta ce sai na kai ta gidan sojan nan da aka kora. Na ce ta bari in bincika tukuna, ta ce ba ta da kwanakin da za ta bari. Kwana biyu na yi ina tambaya a Ƙofar Sauri kafin wani dattijo ya nuna mini gidan tsohon soja mai gyaran keke. Shi ya daɗe da rasuwa, amma 'yarsa tana nan, ita ma da jikokinta. Muka ɗauki Goggo a keke napep, ta sa mayafinta na zuwa biki, ta riƙe ƙullin goro a cinya.

Matar ta karɓe mu da fara'a ba tare da ta san ko mu su wane ne ba. Da Goggo ta ambaci gidan magini na Ƙofar Guga, sai ta dafe ƙirji ta ce ashe mu ne dangin abokin Baba. Ta ce sun tashi da labarin nan, har sun haddace shi. Lokacin ruwa ne a can, irin ruwan da ake kwana da kwanaki ba a ga rana ba, daji ya rufe sama, mutum bai san gabansa daga bayansa ba. Da abokinsa ya cika, sauran suka ce a haƙa a rufe a wuce, don wurin ba na tsayawa ba ne. Shi ya ƙi. Ya ce abokin nan ɗan mai fitar da alƙibla ne, ba zai kwantar da shi a kan zato ba. Ya naɗe shi a bargonsa, ya zauna kusa da shi cikin ruwa tun safe, mutum biyu suka tsaya tare da shi. Sai dab da magariba gajimare ya tsage, rana ta leƙo ja wur tana shirin faɗuwa. Suka ja layi, suka haƙa da adda da kwanon cin abinci, suka yi masa sallah. Bayan sun rufe shi ne suka bi sawun 'yan'uwansu.

"Yakan ce duk abin da ya yi a yaƙin nan, wannan ne kaɗai yake fatan a auna mashi," in ji ta.

Na kalli Goggo, hawaye na bin tsagar fuskarta. Ta tambayi matar ko mahaifinta ya gaya musu yadda aka karɓe shi a gidanmu. Matar ta ce ya ce ya kai saƙo, ya tarar da dattijo cikin baƙin ciki, shi ke nan. Bai taɓa ce musu an kore shi ba.

Da ni ce, wataƙila da na yi shiru na bar abin a rufe, tunda mai haƙƙin ya rufe. Goggo ba ta yi haka ba. Ta zame daga kan kujerar da aka ba ta, da gwiwoyin nan nata da ba sa lanƙwasuwa, ta durƙusa gaban matar da ta haifa a shekaru, ta faɗi komai, har kau da kan da take yi a kasuwa. Ta ce ta zo a madadin ubanta da uwarta, ta kawo godiyar da ta makara, ta kuma roƙi gafara. Matar ta rungume ta tana cewa ta tashi don Allah, su biyun suna kuka, jikoki sun yi cirko-cirko a tsakar gida ba su san abin da ake yi ba.

Yanzu duniya ta sauya. Jikana ɗan shekara goma yakan ɗaga waya a ɗakin baƙi, kibiya ta juya ta nuna masa alƙibla kafin ya gama hamma. Gidan kakana an rushe rabinsa an yi na siminti, masallatan da ya ɗora ma saura ɗaya ko biyu. Ba na jin haushinsa. Mutum ne da ya san aikinsa iyakar inda ƙafarsa ta taka, duniya ce ta fi filin da yake kafa sandarsa faɗi. Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne, ɗan nasa da abokinsa, yara biyu da ba su yi karatun kirki ba, sun je ƙarshen duniya sun riƙe abin da ya koya musu fiye da yadda shi kansa zai iya ganewa. Abin da ke ci mini rai kuma shi ne kakata, da ta kwanta dama ba ta ji wannan ba.

Na faɗa wa Goggo haka a hanyarmu ta komawa, keke napep na girgiza mu a kan ramuka. Na ce da ma Kaka ta rayu ta ji. Ta lumshe ido, har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta dafa gwiwata.

"Ke, ɗiyata. Inna da aka sa ta, ina aka juya huskarta?"

"Gabas, Goggo. Baba ne ya sa ta da kansa."

"Shi kuma Yaya yamma."

"Yamma."

Ta gyara mayafinta, ta ce, "To ai ta riga mu sani. Duk rayuwarta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Tun ranar da aka kwantar da ita suke huskantar juna, Ɗakin Allah a tsakaninsu, kuma can babu kunya."

Mai keken ya tambaya ko ta Babbar Kasuwa zai bi da mu. Na goge idona da bakin mayafi, na ce masa ya bi ta can.